Tsakar Gidan Inna a Ƙarƙashin Ruwan Tiga

Na san abin da ake gaya muku a kan aikin Kano. Ƙannen uwarku suna cewa an ba ni aikin ɗaukar hoto a wani kamfanin buga kalanda, na ƙi zuwa don ina tsoron birni. Wasu ma har ƙara gishiri suke yi, wai an ce ofishin a saman bene yake, ni kuwa jiri nake ji in na hau bene. Ni! Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan bishiya da kyamara rataye a wuya. Na yi shiru shekara da shekaru don maganar ta shafi kakarku Inna, ita kuwa ba ta son a riƙa yawo da zancenta. Yanzu ta riga mu gidan gaskiya, ni ma gwiwata ta fara ƙara in zan tashi daga tabarma, gara ku ji daga bakina kafin waɗancan su mai da benen hawa bakwai.

Ba a Tiga aka haife ni ba. An haife ni a garin da muke kira Tsohon Gari, wanda yanzu ba mai zama cikinsa sai karfasa da tarwaɗa. Mahaifina Malam ya rasu kafin a yi dam, a can aka binne shi. Da ruwa ya fara tahowa aka kwashe mu a manyan motoci aka sauke mu a sabon wuri, maza suka koma sana'ar su da noman rani. Ni dai kamun kifi bai karɓe ni ba, sau biyu ina jefa raga tana tafiya da ni. Sai na sayi tsohuwar kyamara a hannun wani ma'aikacin ruwa da aka yi wa canjin wurin aiki, na koyi wanke baƙi da fari a ɗakin zaure da bargo a taga, mai kala kuwa sai an kai Kano. Kafin a jima sunana ya koma Ado Mai Hoto.

Kada ku raina sana'ar. A shekarun nan duk wanda ya ci ya ƙoshi a Kano, in Lahadi ta yi sai ya ɗebo iyalinsa a zo kallon dam. 'Yan makaranta su zo a bas, malamansu da hular rana. Kowa kuma yana son ya koma gida da shaidar ya zo. To dam ɗin Tiga ba a ɗaukarsa da ka, ya fi ƙarfin idon kyamara. In ka tsaya kusa ka samo tulin duwatsu, in ka ja da baya ka samo zare. Ni na san wuri uku. Na farko kan dutsen da ke kusa da masaukin baƙi, da hantsi, rana tana bayanka. Na biyu can ƙasa inda ruwa yake fita da ƙugi, amma nan sai da yardar mai gadi, shi kuwa dokarsa ɗaya ce: an hana ɗaukar hoton dam sai in yana ciki. Don haka gidaje da yawa a Kano suna da hoton wani dogon mutum da kulki tsaye a bayan 'ya'yansu, har yau ba su san ko wane ne ba. Na uku shi ne sirrina, wani rimi a gefen hanyar Bebeji. In ka hau reshe na huɗu ka jingina bayanka, bangon dam gaba ɗaya yake shigowa, da ruwan, da kwalekwalen masunta kamar an yayyafa su. Abokin hamayyata Ɗanjuma ya yi wata uku yana bin sawuna a keke don ya gano wurin, ni kuwa in na hango shi sai in tsaya gindin wata tsamiya in yi ta leƙen sama. Ya hau tsamiyar nan ya fi sau biyar, bai taɓa samo komai ba sai bayan gidan wani Bafulatani.

Duk wannan abin da nake ci da shi, Inna ba ta taɓa ɗaga ido ta kalle shi ba. Shekara goma sha biyu muna zaune a bakin ruwan, ko sunansa ba ta faɗa, sai dai ta ce “abin can.” In mota za ta bi ta gefensa sai ta ja mayafi ta rufe fuska har a wuce. Kifinsa kuwa ba ya shiga bakinta. Ƙaninta Kawu Sale, wanda ya zama babban masunci, ya taɓa kawo mata giwan ruwa har yana nishi don nauyi. Ta dube shi sama da ƙasa.

“Sale, wannan da ƙila a ɗakina ya kwana shi za ka ce in ci? Fitar min da shi.”

Ni ɗan fari ne, don haka ba ta kiran sunana, “kai yaron nan” nake har na yi furfura. Sana'ata kuma ba ta taɓa ɗaukarta sana'a ba. In aka tambaye ta me ɗanta yake yi sai ta ce, “Yana nan yana rufe ido ɗaya yana kallon mutane.”

A shekarar da ruwa ya ja da baya sosai, idon Inna ya fara tafiya. Na hagu ya riga ya rufe da yana. Na kai ta asibitin ido a Kano, likita ya haska na dama ya daɗe yana haskawa, sannan ya ja ni gefe ya ce ba yana ce kaɗai ba, akwai wani ciwon a ciki da ba a kankarewa, in tana da abin da take son gani a nuna mata kafin kaka. Ban gaya mata ba. Ashe ita ta fi likitan sani. Bayan kwana biyu da dawowarmu tana zaune tana tsince shinkafa da hannu, ba da ido ba, ta yi magana ba ta juyo ba.

“Kai yaron nan. Wannan injin naka yana ɗaukar komai?”

“Komai, Inna.”

“To ka ɗauko min gidanmu in gani.”

Daɗi ya kama ni har kunne. Yau Inna ta nemi aikina! Na shiga zaure na zaɓo hoton da na fi ji da shi, na kan rimi, mai kala, wanda har wani Bature ya taɓa tsayawa yana kaɗa kai a kansa. Na miƙa mata da hannu biyu. Ta kai shi dab da idon dama, ta bi shi daga wannan gefe zuwa wancan.

“Wannan ai katanga ce.”

“Dam ɗin ke nan, Inna. Duk ƙasar nan ba mai irin wannan hoton.”

“Na ce ka kawo min gidana, ka kawo min wanda ya cinye shi. Karɓi abinka.”

Daga nan wahalata ta fara. Na je wurin Kawu Sale, shi kuwa mutum ne da bai taɓa cewa “ban sani ba” tunda aka haife shi. Ya buga ƙirji ya ce ko da ido rufe zai nuna min gidan, ai a samansa yake jefa raga kullum. Muka hau babur ɗina muka zagaya ta wajen Burumburum, muka ajiye shi, muka taka cikin taɓo har gwiwa. Ya tsaya ya miƙa hannu cikin ruwan da ba shi da iyaka ya ce, “Ga shi can.” Na ce ina? Ya ce, “Inda tsuntsun nan ya sauka.” Kafin in saita tsuntsun ya tashi. Ya ce ba komai, in ɗauki inda yake da. Na ɗauka, na wanke, na kai wa Inna hoton ruwa fal, da ɗan layin duwatsu a sama. Ta duba.

“Wannan unguwar maƙera ce. Me zan yi da unguwar maƙera?”

Kawu ya ce, “Haba Yaya, ruwa ne fa, ta ina kika ga maƙera?”

“Kai dai tun kana yaro in aka aike ka gidan Liman sai ka ɓulla mahauta. Yi min shiru.”

Sai aka ce in nemi Baffa Jauro, wani dattijon Bafulatani da rugarsu take bayan Tsohon Gari a da, matarsa ce take kawo wa Inna nono. Na same shi a wajen Kiru. Ya ce masunta ba su san ƙasa ba, ruwa suka sani, wanda ya yi kiwo shi ya san inda kowane gida yake. Ya kai ni wani tudu ya nuna min wata ɗorawa, ya ce daga samanta yake hango garinmu in shanu sun ɓace. Abin da bai gaya min ba, wani ya rataye amyar zuma a cikinta. Na hau lafiya, na saita lafiya, na danna. Ƙarar dannawar ce ƙudan zuman ba su so ba ko warin man gashina, oho. Ban san yadda na sauko ba, na dai san Baffa Jauro, da tsufansa, ya riga ni isa gindin tudu. Na iso gida fuska kamar ƙwaryar da aka kife, ido biyu sun shige ciki. Uwarku Hauwa ta leƙo ta gan ni ta dafe ƙirji, da ta tabbatar ba mutuwa zan yi ba sai ta zauna ta yi dariya har da hawaye.

“Shi ke nan,” in ji ta, “an tafi nemo wa ido ɗaya magani an dawo da biyu a rufe.”

Da kumburin ya saɓe na wanke hoton. Inna ta duba ta ce, “Bayan gari ne, inda muke zubar da toka. Zumar ma ta san ba wurin ɗauka ba ne.”

A nan zuciyata ta fara raya min cewa tsohuwar nan wasa take da hankalina. Ruwa dai ruwa ne. Don in kama ta, na je wani kududdufi a hanyar Tudun Wada na durƙusa na ɗauke shi yadda zai cika takarda, na kawo mata da fuskar gaskiya. Ba ta ma daɗe tana dubawa ba. Mafici ne a hannunta, da shi ta maka min a ka.

“Ni za ka kawo wa wurin wankan shanu? Ina duwatsun?”

“Waɗanne duwatsu, Inna?”

“Au, kai duk zaton ka ruwan nake kallo? Me zan gani a ruwa? Duwatsun sama nake dubawa. Shekara ashirin ina fitowa daga ɗakina da asuba, abin da na fara gani Tsagaggen Dutse ne, tsagin a buɗe har kana hango haske ta ciki, giginyar ƙofar masallaci kuma tana tsaye a tsakiyar tsagin daidai. A unguwar maƙera tsagin rufewa yake. A bayan gari dutsen kwanciya yake kamar saniya. Kai mai rufe ido ɗaya, wannan ma sai an gaya maka?”

Kunya ta rufe ni. Ni da nake taƙama na san wurin tsayawa, sati uku ina zagaye ruwa ina neman inda zan hango gidan, ashe ita ba gidan take so a hango mata ba. So take a tsaya a ƙofar ɗakinta a kalli abin da take kallo. Kawu Sale ya ce ai shi da ma ya san haka, jira yake ya ga ko zan gane. Ya kuma ce an yi sa'a, bana da ruwa ya ja, kututturen giginyar ya leƙo, ba kai, kamar kamu ɗaya a saman ruwa. Washegari muka shiga kwalekwalensa, muka samo giginyar, muka jera ta da tsagin dutsen. Sai dai layi ne miƙaƙƙe, ba mu san inda za mu tsaya a kansa ba. Ya ce nan, na ce gaba. Na miƙe tsaye zan ɗauka, kwalekwale ya ce bai san zancen ba, na zauna da ƙarfi a kan kifin da ya kama. Hotuna huɗu na kawo. Inna ta ce na farko gidan Liman ne, na biyu gidan su Tabawa mai ƙosai, na uku mun wuce gari gaba ɗaya, na huɗu kuwa sama ce da ƙafar Kawu. Ta ajiye su a cinya. Na lura a ranar sai da ta kai takardar har tana taɓa gashin idonta.

“Ku biyun nan ba za ku iya ba,” ta ce. “Ku kai ni.”

Muka dubi juna ni da Kawu. Matar da ba ta kallon ruwan daga cikin mota ita ce za ta hau kansa.

Wannan ranar Talata ce. Ranar Laraba da la'asar abubuwa biyu suka iso Tiga kusan tare. Na farko Baffa Jauro, ya zo cin kasuwa, ya ce an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a duwatsun Doguwa, kogi ya taho jajawur ta Falgore. Kawu ya ce in haka ne giginyar ba za ta wuce kwana uku a waje ba, kuma Allah kaɗai ya san shekarar da za ta sake leƙowa. Na biyu wata farar mota, da wani Alhaji mai kamfanin kalanda a Kano. Ya ga hotona na kan rimi a gidan wani abokinsa, ya yi ta tambaya har ya samo ni. Ya ce za su yi zagayen sati biyu suna ɗaukar wuraren tarihi, gobe da asuba za su tashi, in na yi abin kirki aikin ya zama nawa, da ɗaki a Kano da sabuwar kyamara. Abin da nake mafarki ke nan tun ranar da na fara rufe taga da bargo.

Na ce, “Ranka ya daɗe, a ba ni kwana ɗaya. Jibi in same ku duk inda kuke.”

Ya ce, “Malam Ado, mota ba ta jira. In kana da uzuri ba laifi, ga wani ma ya ce a shirye yake.”

Na waiga. Ɗanjuma ne tsaye da jakarsa a kafaɗa, har ya sa takalmin Sallah. Na ruga wurin Kawu na ce mu kai Inna yanzu-yanzu. Ya nuna min ruwan, iskar yamma ta tashe shi yana tumbatsa. Ya ce ko shi ba ya shiga a haka, balle da yayarsa, sai da safe in ya kwanta. Karo na farko ke nan da na ji Kawu ya ce ba zai iya abu ba, kuma ya zaɓi ranar da ta fi kowace ɓata min rai.

Na koma gida na zauna a bakin rijiya. Uwarku tana tankaɗe, na gaya mata komai. Tana da cikin babbanku a lokacin, kuma ta fi ni son Kano, har ta riga ta zaɓi unguwar da za mu zauna tun ba a yi maganar ba. Ta ci gaba da kaɗa rariyarta.

“In ka tafi,” ta ce, “duk ranar da ka dubi idon Inna sai ka sunkuyar da kai, har ka mutu. In ka zauna, ni zan riƙa yi maka gori, har ka mutu. Sai ka duba wanda za ka iya ɗauka.”

Na ce gorinta na saba da shi. Ta ce to Allah ya ba ni haƙuri, don ba za ta rage min ko ɗaya ba. Kun dai shaida ta cika alkawari.

Inna ba ta san da zancen motar ba, ban kuma bari an gaya mata ba. Da asuba ina jin tashin farar motar daga nesa, ina ɗaure wa Inna kujerar tsugunno a tsakiyar babban kwalekwalen da Kawu ya aro. Ta fito da zanen da take zuwa suna da shi, da wani ɗan ƙulli a hammata. Ta shiga da bisimilla, ta rufe fuska da mayafi, ta kama gefe da hannu biyu, ba ta buɗe ba sai da Kawu ya ce, “Yaya, ga giginya.” Ta ɗaga mayafin a hankali. Ta dubi kututturen nan baƙi, ta ɗaga kai ta nemo dutsen. Daga nan ba mu sake jin tsoro a muryarta ba, sai mulki.

“Sale, ina za ka? Cikin masallaci za ka ratsa da mu? Da takalmi?”

Kawu ya dubi ƙafarsa, ya dube ni, ya cire silifas ɗinsa ya ajiye a gefe. Ni ma na cire nawa. Ta ce duk da haka a zagaya, ita mace ce, ba ta ratsa sahun maza. Muka zagaya masallacin da ba ma gani. Kawu ya so ya miƙe kai tsaye, ta ce a'a, nan katangar Liman ce, mutum da girmansa ba ya haura katanga, a bi lungu. Haka muka riƙa tafiya a tsakiyar ruwa fetal, mu yi dama, mu yi hagu, mu dawo baya, kamar masu neman akuya. Wasu masunta biyu suka bar ragarsu suka tsaya kallonmu. Ɗaya ya ɗaga murya ya ce, “Sale, lafiya? Ko filafilin ne ya karye?” Kawu ya ce, “Lungu ne ƙunci!” Ya faɗa da gaske, don zuwa lokacin shi ma ya fara ganin lungun. Da muka zo saitin gidan su Tabawa, Inna ta ce a rage gudu, ta yi sallama, ta ɗan jira kamar za a amsa, sannan ta ce, “Ba ta nan, mu je. Da ma ba ta zama.”

Ina ta danne dariya har cikina ya ƙulle. Sai ta ɗaga hannu ta nuna gabas, ta ce a tsaya. Can ne maƙabarta. Kawu ya ɗora filafili a cinya. Ta yi wa mutanen wurin sallama, muka ɗaga hannu muka yi wa Malam addu'a da sauran waɗanda ke kwance tare da shi. Da muka shafa ta ƙara da cewa, a hankali, kamar mai ba da haƙuri:

“Ga yaron nan ya girma. Hoto yake ɗauka. Na yi iya ƙoƙarina.”

Ban san ko dariya zan yi ko kuka ba, sai na yi ta goge gilashin kyamara da bai yi datti ba.

Muka ƙara gaba kaɗan. Tana kallon dutsen da idon nan guda, kanta a karkace, tana ba Kawu umarni. Gaba. Gaba kaɗan. Baya, ka shige rumbu. Tsaya. Na waiga na duba, sai ga tsagin dutsen a buɗe, haske yana fitowa ta ciki, kututturen giginya a tsakiyarsa daidai. Na tuna shi. Ni ma na sha ganinsa ina yaro, daga bayan Inna, in ta buɗe ƙofa da safe. Kawu ya saki wani dutse da ya ɗaure da igiya cikin ruwa don kwalekwale ya tsaya. Na durƙusa, na ɗaga kyamara, hasken ya yi daidai, ruwan ya kwanta.

“Kai! Dakata. Wa ya ce ka ɗauka?”

Ta kwance ƙullin nan. Tsintsiya ce, guntuwa, wadda ta ci ƙasa har ta kusa ƙarewa. Sabon ruwan Doguwa ya fara kawo ganye da kumfa da karmami, sun taru a gefen kwalekwalen. Ta sunkuya, Kawu ya riƙe mata bakin zane, ta shiga share saman ruwan, daga ƙofar ɗaki zuwa waje, yadda take yi kowace safiya.

“Ranar da aka kwashe mu fushi ya hana ni shara,” ta ce. “Haka na fita na bar shi. Shekara goma sha biyu. Yanzu ka ɗauka mutane su gani su ce matar Malam ƙazama ce?”

Ba wanda ya yi dariya. Kawu ya juya mana baya yana fyace hanci, wai kumfa ce ta shiga masa. Ta gama, ta kakkaɓe tsintsiyar a gefen kwalekwale sau biyu, ta gyara mayafi.

“To, ɗauka.”

Na sa ido a kyamara ban ga komai ba, duk ya dagule. Na goge da hannun riga, ya sake dagulewa. Kawu ya ce, “Danna mana, ruwa yana dawo da sharar.” Na danna.

Bayan kwana biyu giginyar ta nutse. Ɗanjuma ya samu aikin, ya yi shekaru a Kano har ya yi mota, in ya zo Tiga yana danna min ham. Ba zan yi muku ƙarya ba, abin ya yi min ciwo, ya kuma daɗe yana yi. Ni na ci gaba da hawa rimi har ranar da reshe na huɗu ya gaji da ni. Idon Inna kuwa bai kai kaka ba, kafin a yanke gero ya rufe.

Amma hoton ya riga shi. Da kaina na kai fim ɗin Kano, na tsaya a kan mai wankin har ya fito, na dawo a motar yamma. Na same ta a tsakar gida, na ja tabarmarta zuwa inda sauran rana take, na sa mata shi a hannu. Ruwa ne, da dutse, da ɗan baƙin kututture. Ta kai shi jikin idon, ta bi shi a hankali, kusurwa zuwa kusurwa, ta daɗe har na fara jin tsoron za ta ce gidan wani ne. Uwarku ta bar girki ta zo ta tsaya. Can Inna ta sauke hoton ta kife shi a ƙirjinta.

“Nan ne,” ta ce. “Ado, nan ne.”

Ban taɓa jin sunana a bakinta ba sai ranar. Ita ma ta ji abin da ya fita, ta yi sauri ta ja mayafi ta rufe baki, ta sake ɗaga hoton tana ɓata fuska.

“Amma ka yanke wajen turmi.”